Garejin da ya raba ni da zafin mota

Tun daga Zariya allurar zafin Corolla tawa take hawa, har sai da na tsaya sau biyu kafin in iso Kano. Wani makanike a Kofar Ruwa na kai wa. Ban gama bayani ba ya ce, "Alhaji, bari injin ya huce, kada ka taba murfin lagireto." Ashe fanka ce ba ta tashi, fis ya kone. Ni da na zo da fargabar gasket! Ya canza fis, ya wanke lagireto, ya hana ni zuba ruwan rijiya saboda tsatsa.

Aikinsa da kyau, kudinsa da sauki. Sai dai wurin babu inuwa, ga yaransa sun bar min bakin mai a kujera.