Kafin ka sayi kayan haɗa kyandir mai ƙamshi na kakin waken suya

A Amurka da Turai, da zarar Satumba ta kama, ganyaye suka fara ja suna zuba, sai shaguna su cika da kyandirori masu ƙamshin kirfa, kanumfari, citta, tuffa da kabewa. Sanyi ya fara kunno kai ke nan, dare ya ƙara tsawo, kowa ya koma zaman ɗaka. Tsadar na kanti ce ta sa mutane da yawa suke haɗa nasu a kicin, kuma kakin waken suya suka fi runguma. Wani Ba'amurke, Michael Richards, shi ya fito da shi a farkon shekarun 1990, yana neman madadin kakin zuma mai araha. Man waken ake sarrafawa da iskar haidurojin har ya daskare ya zama kaki.

Sabon shiga yakan fara da zaɓen ƙamshi, ya kashe kuɗinsa a can. A ganina nan ne ake yin ɓatan kai. Kaki da lagwani su ne kyandir, in ba su dace da juna ba, turaren ko na nawa ne asara za a yi.

Kakin suya ba iri ɗaya ba ne. Biyu da suka fi yawo a hannun masu sana'ar su ne Golden Brands 464 da 444. Na farko ya fi laushi, yana narkewa a wajen digiri 45 zuwa 48 na ma'aunin Salsiyos, samansa yakan fito sumul, shi ya sa masu koyo ke sonsa. Na biyun ya ɗan fi tauri, sai zafi ya kai wajen 48 zuwa 52 yake narkewa. Wanda ke Landan ko Toronto a watan Oktoba, 464 ya ishe shi. Amma wanda zai yi oda zuwa Sakkwato ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura 40, ya ɗauki 444, in ba haka ba zai tarar kyandir yana gumin mai tun ba a kunna shi ba. Duka biyun na zubawa a kofi ne, ba sa tsayuwa da kansu kamar kyandir ɗin da ake kunnawa in an ɗauke wuta.

Farafin, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur, ya fi araha kuma ya fi cika ɗaki da ƙamshi, masu tallar kakin suya ba sa son faɗin wannan. Sai dai ya fi saurin ƙonewa, kuma in lagwani ya yi tsawo yakan yi baƙin hayaƙi. Kakin zuma kuwa sai a digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, yana jure zafi, yana daɗewa, amma yana da tsada kuma ƙamshin zumarsa kan danne na kirfa. Akwai masu gauraya shi kaɗan cikin na suya don ya ƙara tauri, dabara ce mai kyau. In ka ga an rubuta "haɗin suya" a jikin leda, ka tambayi me aka haɗa, sau da yawa farafin ne a ciki.

Lagwani faɗin bakin kofi ne ke yanke girmansa. In ya yi ƙanƙanta, wuta za ta haƙa rami a tsakiya ta bar kaki manne a gefe. In ya yi girma, harshen wuta ya tashi, gilashi ya ɗau zafi har ya iya tsagewa. Na auduga masu lambar CD ko ECO sun fi dacewa da suya. Na katako yana da kyan gani, yana ɗan ƙara in yana ci, amma yana yawan mutuwa, ban ba mai koyo shawarar farawa da shi ba. Ka sayi girma uku masu bin juna ka gwada, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ka kuma guji mai ƙarfe a ciki da ba a bayyana irinsa ba, tun 2003 Amurka ta haramta lagwani mai dalma.

Sai ƙamshi. Man da aka haɗa musamman don kyandir ya fi man da aka tatso kai tsaye daga tsirrai ƙarfi da araha, na lemo musamman yakan gudu da an ɗora masa zafi. Turaren jiki mai giya ko ruwa a ciki ba ya gauraya da kaki, kada ma a gwada. Ma'aunin shi ne kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin kakin, wato giram 30 zuwa 50 a kan giram 500. Ana zuba shi kaki na wajen digiri 85, a juya sosai, a bari ya sauko kusa da 57 kafin a juye a kofi. Wannan ya sa sikeli da ma'aunin zafi suka zama dole, kofin awo ba zai yi ba. Mai ƙamshin banila yakan mai da farin kaki ruwan ɗorawa, ba lalacewa ba ce.

Ƙunshin da ake sayarwa da komai a ciki ya dace da mai son gwadawa sau ɗaya, amma galibi ba sa faɗin lambar kakin, in ya yi kyau ba ka san me za ka sake saya ba. Mai niyyar sayarwa ya sayi kowanne daban, da kofin gilashi mai kauri ko gwangwani. Sandar kirfa da busasshen lemo da ake jerawa a sama don hoto suna kama wuta, a ɗaura su a jikin kofi ta waje. Kuma kyandir ɗin suya sai ya kwana mako ɗaya zuwa biyu a rufe kafin ƙamshinsa ya zauna, don haka mai son na Oktoba ya yi odar kayansa tun Agusta.