Stellarium ko bidiyon YouTube: wanne zai fi yi wa malamin ƙauye amfani?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Ringim, yara sun tsare ka da tambaya kan wani haske da suka ga yana tafiya a sama bayan magariba, kuma kana son ka fara karatun sararin samaniya da kanka. Wani ya ce ka sauke manhajar Stellarium, wani ya ce ka bi darussan YouTube da shafin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kai kuma data ba ta isar ka duka biyun. Na yi amfani da su duka a nan ƙauyenmu da ke gefen Jahun, ga yadda na same su.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Stellarium taswirar sama ce. Za ka gaya mata inda kake da lokacin da kake ciki, ita kuma ta zana maka saman da ke bisa kanka a daidai wannan daƙiƙa, da sunan kowane tauraro. Wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara ta a 2001, ta kwamfuta kyauta ce ɗungurungum, ta waya kuma akwai ta kyauta akwai ta kuɗi, kuma ta kyautar ta ishe ka. Bidiyo da shafukan NASA su bayani suke yi: me ya sa wata yake cika yana raguwa, me ke cikin rana, yaya roka take tashi. Ɗaya tana amsa "mene ne wancan?", ɗayan yana amsa "me ya sa?".

Ta fuskar data, babu gasa. Stellarium sau ɗaya za ka sauke ta, daga nan ko a tsakiyar gona kake, inda sabis ba ya kai wa, za ta yi aiki, domin lissafin motsin taurari a cikin wayar take yin sa. Bidiyo kuwa kullum sai ka ciyar da shi. Kana iya rage ingancin hoton zuwa 240p don data ta yi auki, amma a wannan fanni hoton shi ne rabin karatun, idan ya dushe sai ka ga zoben duniyar Zuhal kamar tabon mai a jikin riga. Dabarata ita ce in bari sai ranar da na shiga Dutse ko na samu garaɓasar dare, in kalli biyu ko uku da littafi a hannu ina rubutawa.

Sai harshe. Mafi tsari cikin darussan bidiyon da na bi shi ne Crash Course Astronomy, wanda masanin falaki Phil Plait ya gabatar daga 2015, kashi arba'in da 'yan kai, daga abin da ido ke gani har zuwa asalin sammai. Karatu ne mai kyau, amma Turancinsa na Amurka ne, kuma gudu yake kamar ana korarsa. Kai malami za ka iya bi idan ka kunna rubutun ƙasa ka rage sauri, ɗan aji biyu kuwa ba zai tsinci komai ba sai hotuna. Khan Academy ya fi natsuwa, allo ne da alli, sai dai ba shi da armashi. Stellarium ba ta buƙatar Turanci mai yawa. Suna ne da lamba da hoto, sauran bayanin kai za ka yi shi da Hausa.

A nan ne nake son in tsaya, domin a nan manhajar ta saye ni. Mu ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Kakanninmu sun san Kaza da 'ya'yanta, wannan curin taurari da Larabawa ke kira Surayya, Turawa kuma Pleiades. Sun san Zara matar wata da yamma, sun san Gamzaki da asuba. Rannan na zauna da wani dattijo a dandali, na nuna masa a waya cewa Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, duniyar Zuhura ce, wadda Turawa ke kira Venus: wasu watanni tana bin bayan rana sai a gan ta a yamma bayan magariba, wasu watanni tana riga rana fitowa sai a gan ta a gabas. Bai yarda ba sai da na riƙa tura kwanan wata gaba yana kallo tana matsawa kusa da rana, ta ɓace, ta ɓullo ta ɗaya gefen. Ya daɗe shiru, sannan ya ce shi ya sa bai taɓa ganinsu a dare ɗaya ba.

Haka ma taurarin damina da manomanmu ke ƙirgawa, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha. Waɗannan suna cikin manzilolin wata 28 na lissafin Larabawa, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, idan ka haɗa sai su ba ka 365. Da yawa cikinmu mun haddace sunayen amma ba mu taɓa ɗaga kai mun ga taurarin ba, kuma da dalili: a lokacin da ake cewa tauraro ya shiga, yana kusa da rana ne, in ma za a gan shi sai dab da fitowar alfijir. Idan kana son ka nuna wa yara Zira'a da kyau, jira lokacin ɗari, za ka ga taurari biyu masu haske a jere, su ne Castor da Pollux a manhajar. Stellarium ta kwamfuta ma tana da wurin da za ka sauya sunayen Turawa zuwa na Larabawa, har da manzilolin wata. Babu wani bidiyon Amurka da zai haɗa maka wannan da gonar gero.

Akwai kuma abin da muke da shi wanda mutanen birni ba su da shi: duhu. A Kano cikin gari fitilu da hayaƙi sun cinye sama. Mu kuwa idan aka kashe janareto, sai ka ga farin zanen nan da ya ratsa sama kamar toka, wato gungun taurarin da ranarmu take ciki. Wurin zamanmu ma ya yi mana gata. Muna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka tauraron arewa, Polaris, yana nan ƙasa-ƙasa, kamar tsayin dunƙulen hannu daga doron ƙasa in ka miƙe hannunka, kuma a daren Afrilu da Mayu kana iya hango taurarin Southern Cross can ƙasa ta kudu, waɗanda mutumin Landan ba ya ganinsu ko kusa. Mafi kyawun lokaci a wurina shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauka, ko daren damina da aka sha ruwa gari ya washe.

Amma manhajar tana da nata cikas, kuma gara in gaya maka tun yanzu. Abin burgewarta shi ne ka ɗaga waya sama ta bi hannunka tana nuna abin da ke wajen. Wannan yana buƙatar na'urar gane alƙibla a cikin wayar, kuma ƙananan wayoyi masu araha da yawa ba su da ita. Idan taka ba ta da ita, ba a rasa komai ba, sai ka riƙa jan hoton da yatsa: ka san gabas tun da ka san alƙibla, daga nan sai ka daidaita. Idan kuma wayar ba ta da wuri, akwai Sky Map ta Android, ba ta da nauyi, kyauta ce, sai dai ba ta kai Stellarium zurfi ba. Ka tabbatar ka sa garinku daidai, ko gari mafi kusa kamar Ringim ko Dutse, kuma ka kunna jan haske na dare, domin ido yana ɗaukar kusan minti ashirin kafin ya saba da duhu, farin hasken waya kuma nan take yake ɓata wannan.

Inda bidiyo ya yi wa manhaja fintinkau shi ne labarin zuwa sararin samaniya. Stellarium ba za ta nuna maka Neil Armstrong yana taka wata a 1969 ba, ko hotunan madubin hangen nesa na Hubble da aka harba a 1990, ko na James Webb da ya tashi ranar 25 ga Disamba 2021. Don wannan sai NASA. Suna da shafin da ke sa hoto ɗaya kullum da ɗan bayani tun 1995, ana kiransa APOD, hoto ɗaya kuwa ba ya cin data. Ka kuma gaya wa yaran cewa Najeriya ma tana ciki: an kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, aka harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003. Sai dai YouTube kasuwa ce, mai gaskiya da mai ƙarya rumfarsu ɗaya. Ka kalli darasi ɗaya, gobe a kawo maka mai cewa duniya za ta tashi ranar Talata, ko mai duba da taurari. Ilimin falaki lissafi ne da lura, ba ruwansa da duba. A kan jinjirin wata ma, manhaja za ta nuna maka ta inda za ka duba da tsayinsa bayan faɗuwar rana, amma sanarwar azumi da salla tana hannun Sarkin Musulmi da kwamitinsa.

Don haka in ni ne kai, Stellarium zan fara saukewa, bidiyo ya biyo baya a hankali. Darasin farko ma ga shi: mayar da kwanan wata zuwa 29 ga Maris 2006 da hantsi, yara su ga wata yana shiga gaban rana, husufin nan da iyayensu suka gani da idonsu.

Hasken da suka gani kuwa, tambaye su yadda yake. Idan ɗaya ne, mai haske sosai, ba ya ƙyaftawa, ya ratsa sama cikin 'yan mintoci, mai yiwuwa tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, ISS, wadda ke tafiya a nisan kilomita 400 daga ƙasa tana zagaye duniya cikin kusan minti 90, da mutane a cikinta. Hasken rana ne ke dukanta bayan mu rana ta faɗi mana. Idan kuma jere ne kamar ayarin raƙuma, taurarin ɗan'adam na Starlink ne da ba a daɗe da harbawa ba. Shafin Heavens-Above zai ba ka rana da minti da za su sake wucewa ta kan garinku, sai ka tara yaran a filin makaranta minti biyar kafin lokacin.