Ofishin lauyoyin da ya tsaya min a shari'ar riƙon yara a Kumasi

Bayan aurenmu ya mutu, sulhun da manya suka yi mana a Aboabo kuma bai ɗore ba, na kai maganar 'ya'yana biyu wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ke Adum.

Lauyar da ta karɓe ni ba ta yi gaggawar shigar da ƙara ba. Ta fara bayyana min cewa Dokar Yara ta Ghana ta 1998 ce ake bi a kotun iyali, inda jami'in jin daɗin jama'a ke cikin masu zaman shari'a, kuma maslahar yaro ake dubawa, ba ɓacin ran iyayensa ba. Ta ce dokar tana ba zaman ƙaramin yaro a hannun mahaifiyarsa muhimmanci, tana kuma son kada a raba 'yan'uwa, amma ta ja min kunne cewa wannan ba ya tauye haƙƙin uba na ganin 'ya'yansa. Daga nan muka rubuta tsarin tarbiyyar dalla-dalla: wanda zai biya kuɗin makarantar boko da na islamiyya, wanda zai riƙa sabunta katin inshorar lafiya, inda yaran za su yi ƙaramar Sallah da inda za su yi babba. A lokacin na ga kamar an cika tsanani, sai daga baya na gane cewa a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa ne rigima ke sake tashi.

Inda na fi yaba musu shi ne wajen isar da sammaci. Mahaifin yaran direban babbar mota ne da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi da Bawku, gidajen zango kuwa ba kowane ke da lamba a fili ba. Na so in ba ƙanensa takardun, lauyar ta hana ni, ta ce aikin masinjan kotu ne, kuma muddin babu shaidar cewa takarda ta isa hannun wanda ake ƙara, kotu za ta yi ta ɗage zama ne kawai. Suka sa na samo adireshin gidan na GhanaPostGPS (manhajar da ke ba kowane wuri a Ghana lambar adireshi) da ranar da yake sauke kaya, suka kuma shirya neman izinin kotu na liƙa takardar idan an rasa shi. A zuwa na biyu aka same shi.

Abin da ya sosa min rai shi ne maganar kuɗi. Ba a faɗa min tun farko cewa kuɗin shigar da takardu dabam yake da ladan lauya ba, magatakardansu kuma yakan kwana biyu bai mayar da kiran waya ba, alhali uwar da ke jiran hukunci ba ta iya barci. Wanda zai je wurinsu ya nemi a rubuta masa duk abin da zai biya tun ranar farko.

A ƙarshe mun daidaita a zaman sulhun kotu, aka mayar da yarjejeniyarmu hukunci, yaran suna hannuna, babbar Sallah kuma a gidan mahaifinsu za su yi ta.