Firintar 3D ta Asibiti: Mai Zaren Roba ko Mai Ruwan Rezin?

Tun da haƙƙin mallakar fasahar FDM (bugawa da narkakken zaren roba) ya ƙare a 2009 farashin firintocin 3D, masu ƙera abu hawa-hawa, ya yi ta sauka, har ƙaramin asibiti ko wurin ƙera gaɓoɓin roba ke iya mallakar ɗaya. Kafin a fitar da kuɗi, a tantance abin da za a riƙa bugawa da kuma inda zai taɓa a jikin majinyaci.

Mai zaren roba, wato FDM, tana narka zare mai kaurin milimita 1.75 ta fito da shi ta tsini mai milimita 0.4, tana jera shi hawa-hawa. Ita ta dace da ƙera hannun roba irin na ƙungiyar sa-kai ta e-NABLE, da abin tallafar yatsa ko wuyan hannu, da samfurin ƙashi da aka ciro daga hoton CT da manhajar 3D Slicer ta kyauta, likita ya juya shi a hannu kafin tiyata. Farantin bugu mai milimita 220 kowane gefe, kamar na firintar Ender 3, ya isa yawancin wannan aiki.

Wajen zaɓen zare ake yawan tafka kuskure. PLA ya fi sauƙin bugawa, kuma daga masara ko rake ake yinsa, amma yana laushi tun daga digiri 55 zuwa 60. A bar shi cikin mota a rufe da ranar bazara, sai a tarar ya lanƙwashe. Abin da majinyaci zai yi yawo da shi, gara PETG, mai jurewa har kusan digiri 80. Matsalarsa shan danshi: zaren da ya sha iskar damina yana ƙara tas-tas a bakin tsini, aikin ya fito da gashi-gashi, ba ƙwari. A busar da shi awa 4 zuwa 6 a digiri 65. PLA da PETG duk ba sa shiga tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta, mai kai digiri 121.

Mai ruwan rezin kuwa haske ke daskarar da ruwan, kowane hawa galibi kusan milimita 0.05 ne. Aikin haƙori nata ne. Sai dai a lissafa kuɗin injin wankewa da barasar isopropyl, da akwatin hasken UV, da safar hannu. Rezin da bai gama daskarewa ba yana fusata fata, kuma ba a zuba ragowarsa a magudanar ruwa. Abin da zai shiga baki dole a yi shi da rezin mai takardar shaidar aikin lafiya, irin Surgical Guide na kamfanin Formlabs.

Ƙarfen da ake dasawa a jiki ba aikin ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Wannan sai manyan injuna, irin na leza, masu narka garin titaniyam.

Bugu ɗaya kan ci awa 10 ko fiye, don haka a haɗa da inbata, a kuma tambayi mai sayarwa ko na'urar tana ɗorawa daga inda ta tsaya in an ɗauke wuta, da inda za a samu tsini da bel in sun lalace.