Shawara da dengi: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Hajiya, kin tambaya ko zazzaɓin shawara da na dengi abu ɗaya ne, tunda kin ji an ce sauro ɗaya ke kawo su, kuma ko gidan sauron da yaranki ke kwana a ciki ya isa.

Sauron dai ɗaya ne, amma ba na maleriya ba ne. Baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma yamma liƙis. Shi ya sa gidan sauro kaɗai bai isa ba. Ba ya neman kwata. Randa, duro, tsohuwar taya da gwangwanin da ruwan sama ya taru a ciki, nan yake zuba ƙwai, kuma ƙwan na iya yin watanni a bushe manne a jikin randa, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe.

Shawara hanta take kai wa hari. Yawancin masu ita suna warkewa cikin kwana 3 zuwa 4, amma wasu, bayan sun ji sauƙi na yini guda, sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, a fara aman jini. Kusan rabin waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne tana da riga-kafi tun 1937, allura ɗaya tak har ƙarshen rayuwa, kuma a Najeriya ana yi wa yaro a wata 9 kyauta. Duk da haka ta sake ɓulla a Kwara a 2017, ta kuma kashe mutane a Alƙaleri ta jihar Bauchi a 2019.

Dengi kuwa ciwon kai take sa wa, da ciwo a bayan ido, da ciwon gaɓoɓi kamar an doki mutum da taɓarya. Iri 4 ce, kuma wanda ya kamu karo na biyu da wani irin daban shi ya fi shiga haɗari. An tabbatar da ita a Sakkwato a 2023, shekarar da ta hallaka ɗaruruwa a Burkina Faso. Ba ta cikin alluran da ake yi wa yaranmu, don haka kariyarta tana tsakar gida: a rufe randa, a kankare cikinta duk mako, a kifar da duk abin da ke tara ruwa.

Dukansu maganin maleriya ba ya taɓa su. In gwaji ya nuna ba maleriya, don Allah kada a ci gaba da ɗura wa yaro shi. A ba shi farasitamol da ruwa da yawa, ban da asfirin da ibuprofen, don suna ƙara zubar jini. Kuma lokacin da zazzaɓin ya sauka, a nan za ki fi sa ido: ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, haɓo ko jini a dasashi, ki kai shi asibiti a take.