Gidan Tarihin Kurkukun Seodaemun: Abin da Maziyarci Zai Samu Game da Yu Gwan-sun

Duk mai son sanin rayuwar Yu Gwan-sun, ɗaliba 'yar Koriya mai fafutukar 'yanci da ta rasu a hannun 'yan mulkin mallakar Japan tana da shekara 17, ya kamata ya ware rabin yini domin gidan tarihin kurkukun Seodaemun da ke birnin Seoul. Zuwa wurin ba wuya, domin yana daf da tashar Dongnimmun a layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuɗin shiga kuma bai taka kara ya karya ba, sai dai a kiyaye cewa ba a buɗewa ranar Litinin.

An buɗe kurkukun a 1908, shekara biyu kafin Japan ta haɗiye Koriya baki ɗaya, an kuma gina shi don mutum 500, amma bayan boren neman 'yanci na ranar 1 ga Maris, 1919, sai da aka cusa kusan mutum 3,000 a ciki. An ci gaba da tsare mutane a nan har 1987, kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1998, kuma abin yabawa ne da aka bar dogayen gine-ginensa na jan bulo a tsaye, har da ginin katako da ake rataye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa.

A ganina, ƙarfin wannan gida yana sashen mata, musamman ɗaki na 8. Yu Gwan-sun ɗalibar makarantar Ewha da ke Seoul ce, da aka rufe makarantu saboda boren sai ta koma garinsu a yankin Cheonan, inda ta taimaka wajen shirya zanga-zangar kasuwar Aunae ranar 1 ga Afrilu, 1919. A ranar aka kashe mahaifinta da mahaifiyarta, ita kuma aka kama ta, aka yanke mata hukuncin da ya tsaya a shekara uku bayan ɗaukaka ƙara. A wannan ɗan ƙuntataccen ɗaki ne, da boren 1 ga Maris ya cika shekara ɗaya, ta ja sauran fursunoni suka ɗaga murya suna kiran 'yancin Koriya, abin da ya jawo mata azabar da ta yi ajalinta ranar 28 ga Satumba, 1920. Sai mutum ya tsaya a bakin ƙofar ya ga ƙanƙantar ɗakin sannan zai gane irin ƙarfin halin da yarinyar ta nuna, marainiya, a wurin da ba ta da mai ceto.

Haka ma zauren da aka lulluɓe bangonsa da dubban katunan fursunoni, kowanne da hoton mai shi. Ya fi komai taɓa mini zuciya, domin yana nuna cewa ba ita kaɗai ba ce: akwai tsofaffi, akwai matasa, galibinsu ba wanda ya san sunansu a wajen Koriya. Ɗakunan azabtarwa na ƙarƙashin ƙasa, inda aka girke mutum-mutumi, suna da tayar da hankali, saboda haka mai tafiya da ƙananan yara ya yi tunani tukuna, kuma ni dai ban ga sun kai katunan nan tasiri ba.

Iyakar gidan ita ce, ƙarshen rayuwar Yu Gwan-sun kawai yake bayarwa, wato ɗauri da rasuwa. Wanda yake son ƙuruciyarta, da tarbiyyar da ta samu a coci da makaranta, sai ya haɗa da tafiya Byeongcheon a Cheonan, inda aka gina mata gidan tunawa kusa da mahaifarta. Shawarata ita ce a karanta tarihin boren 1919 kafin a je, a sa takalmin da ba ya gajiyarwa domin filin yana da faɗi, a lokacin hunturu kuma a riƙe rigar sanyi mai kauri.