Gara Ce Ko Ƙwaron Katako?

Ɗan'uwa, ka ce kullum sai ka share wani gari mai laushi a ƙarƙashin gadonka na katako, kana tambaya ko gara ce ta shiga. Da wuya. Wannan alamar ƙwaron katako ce, kuma ya kamata ka san bambancinsu, don maganin wannan ba ya yi wa waccan.

Garar da ta fi addabar gidajenmu daga ƙasa take zuwa. Jama'a ce guda: sarauniya tana can cikin suri tana ta zuba ƙwai, ga sojoji, ga ma'aikata masu fita neman abinci. Jikinsu ba ya jure bushewa, shi ya sa suke gina siririyar hanyar laka a jikin bango, su bi ta ciki har su kai ga katako. Sukan cinye cikinsa su bar ɓawo, ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, ka ɓare ka tarar da laka. Shingen da ke fitowa bayan ruwan farko su ne masu zuwa kafa sabon gida.

Shi kuwa ƙwaron katako ba ruwansa da ƙasa, ba shi da sarauniya. Uwar takan saka ƙwai a cikin ƙofofin katakon, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi ta ci watanni, wani lokaci fiye da shekara. Idan ta zama ƙwaro sai ta huda ta fita, ta bar rami na milimita 1 zuwa 2, garin yana zubowa. Sau da yawa tun daga wurin kafinta ake sayo shi a cikin katakon. Ya fi son gora da farin katako mai taushi irin obeche.

A ganina gara ta fi haɗari nesa ba kusa ba, don tana iya kayar da rufin ɗaki kafin a farga. Ba banza ba magina na da suka riƙe azarar giginya da itacen ƙirya, waɗanda ba ta cika iya ci ba. Yaƙinta a ƙasa ake yi: a gyara inda ruwa ke yoyo, a raba katako da ƙasa, a zuba magani a gindin gini.

Naka ya fi sauƙi. Kwance gadon ka fitar da shi, ka shafe shi da maganin katako irin Solignum har ya ratsa ramukan, a sauya allon da ya ci sosai. Ka share garin tas, bayan 'yan makonni ka sake dubawa. In sabo ya zubo, akwai sauran tsutsa a ciki, sai a maimaita.